Kundin gwajin dabon Tagwaye: wata biyu da kati 52

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da na gani da idona game da dabon karta guda ɗaya, wanda masu koyar da wannan sana'a suke yawan miƙa wa sabon shiga da cewa ba ya buƙatar gwanintar hannu ko kaɗan. Sunan da aka san shi da shi a Turanci shi ne Gemini Twins, kuma Ba'amurken marubuci Karl Fulves ne ya wallafa shi a littafinsa More Self-Working Card Tricks na shekarar 1984. A nan zan riƙa kiransa Tagwaye, domin abin da ke faruwa a cikinsa ke nan: kowane kati a cikin 52 yana da ɗan'uwa guda mai lamba ɗaya da launi ɗaya da shi, kamar jan bakwai mai zuciya da jan bakwai mai daimon, ko baƙaƙen sarakuna biyu, kuma ɗan kallo da hannunsa yake haɗa kowane ɗan tagwai da ɗan'uwansa ba tare da ya san yadda ya yi ba.

Abin da ya sa na ga ya cancanci a yi masa kundi shi ne kalmar nan ta "sauƙi", wadda na daɗe ina zargin tana yaudarar masu koyo. Dabo yana iya zama mai sauƙi a yatsu amma ya yi nauyi a wani wurin da littafi bai nuna ba, kuma ba a gane hakan sai an tsaya gaban mutum mai rai wanda yake da nasa hankalin da nasa taurin kan. Ina so in san ko Tagwaye zai iya zama abin da mai wasa na kusa da kusa, wanda ke zama teburi ɗaya da 'yan kallo, zai dogara da shi, ko kuwa abin nishaɗi ne kawai na yara da dangi. Na yi wa kaina alkawarin ba zan yanke hukunci ba sai na yi shi ga mutane iri-iri, kuma zan rubuta faɗuwa kamar yadda zan rubuta nasara.

Talata, 9 ga Janairu

Kwana uku ke nan ina yin sa ni kaɗai a kan darduma. Tun da masu wasa nake rubuta wa, dole in bayyana yadda yake tafiya, in ba haka ba sauran bayanin ba zai yi ma'ana ba.

Ɗan kallo ya cakuɗa karta yadda ransa yake so. Mai wasa ya karɓa, ya juyo fuskokin wajensa, ya ce zai fitar da kati biyu, kuma a cikin wannan dubawar yake lura da katin da ke can sama da wanda ke can ƙasa. 'Yan'uwan waɗannan biyun yake cirewa ya ajiye a teburi fuska sama. Daga nan ba ya sake taɓa kartar. Ɗan kallo ya riƙe ta a kife, ya riƙa sauke kati ɗaya-ɗaya a teburi, ya tsaya inda ya ga dama, ya ɗora katin farko da aka ware (ɗan'uwan na ƙasa) fuska sama a kan abin da ya sauke, sannan ya kife ragowar da ke hannunsa a kai. Ya ɗauki duka ya maimaita da kati na biyu. Idan aka baje kartar, kowane buɗaɗɗen kati yana fuska da fuska da ɗan'uwansa.

Dalilin ba wani mai zurfi ba ne, amma yana da kyau. A zagayen farko, ragowar da aka kife tana zuwa ne da katin ƙasa, shi ne yake sauka a kan buɗaɗɗen katin, ko ɗan kallo ya sauke biyar ko ya sauke ashirin. A lokaci guda kuma, katin da ya kasance a sama shi ne aka fara saukewa, saboda haka ya koma ƙasan kartar gaba ɗaya yana jiran zagaye na biyu. Wato saukewar farko tana aiki biyu: tana ba ɗan kallo jin cewa shi ke da iko, tana kuma shirya rabin dabon da ya rage. Da a ce da gaske tsautsayi ne ke haɗa su, damar a dace sau biyu a jere kusan ɗaya ce cikin 2,450, wato 50 sau 49.

A darduma bai taɓa ƙi ba. Wannan bai gaya mini komai ba tukuna.

Lahadi, 14 ga Janairu

Gwajin farko ga mutum, kuma ya watse. Ƙanena na zaɓa, ɗan shekara goma sha tara, wanda ya saba da wasan karta da abokansa, hannunsa kuma yana da sauri. Na ce masa ya riƙa sauke kati a teburi, ban ƙara da cewa ɗaya-ɗaya ba, sai ya fara da yanko guda uku ko huɗu a haɗe ya ajiye, sannan ya ci gaba da ɗai-ɗai. Na ga abin da ya faru a daidai lokacin, na kuma san cewa katin sama bai koma ƙasa ba, ya maƙale ne a saman wannan ɗan ƙunshin na farko. Tagwayen farko sun haɗu, na biyu kuwa jan tara ya fito yana fuskantar baƙar sarauniya.

Ya ce, "Yaya, wannan ɗin fa? Ko ni na ɓata?" Na ce masa laifin umarnina ne, kuma gaskiyar ke nan.

Da na zauna daga baya na bi abin a hankali, sai na gano cewa kati ɗaya tak ne a duk dabon yake buƙatar a sauke shi shi kaɗai, wato na farkon zagayen farko. Bayan shi ɗan kallo yana iya saukewa bibbiyu, ko uku-uku, ko ma ya zaro daga tsakiya, muddin bai taɓa na ƙasa ba. Wannan ya juya matsalar ta zama riba. Yanzu abin da zan riƙa faɗa shi ne, "Sauke ɗaya. Ƙara ɗaya. Ƙara. To, daga nan yi yadda ka so, ko bibbiyu ko uku-uku." Mutum zai tuna da 'yancin da aka ba shi a ƙarshe, ba zai tuna da umarnin farko ba.

Asabar, 20 ga Janairu

Hunturu ya yi tsanani a wannan makon, fatar yatsu ta bushe, kuma karta mai arha ta kasuwa da na fara da ita ta lanƙwashe kamar kwale-kwale, ga shi katunanta suna mannewa biyu-biyu. A dabon da kati na farko dole ya sauka shi kaɗai, mannewa haɗari ne na gaske. Na koma kan karta samfurin Bicycle, wadda fuskarta ke da 'yan ramuka ƙanana da ke sa katunan su zame a kan juna, kuma baje ta a teburi ya fi fitowa sumul. Faɗinta inci biyu da rabi ne, tsawonta uku da rabi, kuma na lura mai ƙaramin hannu yana ɗan shan wahalar riƙe ta, amma hakan bai shafi dabon ba. Teburi ma yana da nasa hukuncin: a kan gilashi ko fomaika katuna suna tarwatsewa, a kan darduma ko zanen teburi mai kauri kuwa suna zama inda aka sa su.

Juma'a, 26 ga Janairu

Bayan sallar la'asar na yi shi a majalisarmu ga mutum biyar. Ya fita daidai, an yi salati, an tafa, amma wani abokina tela, wanda aikinsa ya koya masa lura da ƙananan abubuwa, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ban san me ka yi ba, amma lokacin da kake neman katunan nan na ga idonka ya je wannan gefen ya dawo wancan gefen kafin ka fara nema." Bai gano dabon ba, amma ya sa yatsa a daidai wurin da yake kwance, kuma wannan ya ishe ni gargaɗi.

Leƙen nan shi ne aikin hannu ɗaya tilo da ke cikin Tagwaye, kodayake da ido ake yin sa. Kuskurena shi ne na mai da shi aiki mai zaman kansa: na duba ƙasa, na duba sama, sannan na fara nema. Gyaran da na yi a daren nan shi ne, katin ƙasa ba ya buƙatar a neme shi, domin shi ne ke kallona da zarar na juyo kartar. Na sama kuwa zan same shi ne idan na bi kartar daga farko har ƙarshe sau ɗaya a natse, kamar mai tunanin wanne zai ɗauka, ina magana da mutane ina ɗaga kai ina kallonsu. A bi na biyu sai in cire katunan. Ya fi ɗaukar lokaci da 'yan daƙiƙoƙi, amma ido ba ya tsalle.

Akwai kuma wani abin da ya same ni a bita wanda ya kamata mai wasa ya shirya masa. Wani lokaci na sama da na ƙasa su ne tagwayen juna, kuma lissafi ya nuna hakan zai faru sau ɗaya cikin 51. Idan ya faru babu abin da za a cire. Maganinsa a yanka kartar sau ɗaya a ci gaba da nema, ko a miƙa wa wani ɗan kallon a ce shi ma ya sa hannu ya cakuɗa, wanda ya fi kyau domin yana ƙara wa dabon ƙarfi.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Wannan ita ce ranar da ta fi koya mini abu tun da na fara. Na yi wa wata malamar lissafi, matar wani yayana, a falonsu, mijinta da 'ya'yansu biyu suna kallo. Komai ya tafi yadda ya kamata. Ta yi shiru kamar minti ɗaya tana kallon katunan, sannan ta ce, "Tsaya. Katin da na tsaya a kansa ai shi ne wanda na sauke na ƙarshe, ko kuma wanda zan sauke na gaba. Wannan da ka nuna mini ba ko ɗaya ba ne cikinsu. Wannan daga ƙasa ya zo." Ta ɗauki kartar ta maimaita da kanta, kafin a kawo shayi ta warware shi duka.

Na yi farin ciki da hakan ya faru a cikin gida, domin ta nuna mini ainihin inda dabon yake tsaye da ƙafa ɗaya. Duk ginin Tagwaye yana kan ruɗani guda: ɗan kallo yana ɗauka wurin da ya tsaya shi ne ya zaɓi katin da zai fuskanci buɗaɗɗen katin, alhali tsayawarsa ba ta zaɓi komai ba sai adadin katunan da za su kasance a ƙarƙashi. Wannan ruɗanin ba a ɓoye yake ba, a fili yake a gaban kowa, abin da ke kare shi kawai shi ne mutum ya manta yadda aka haɗa kartar kafin a baje ta. Ni kuwa na yi gaggawa. Tana kife ragowar ta biyu, na ce ta baje, hoton yadda ƙasan ragowar ya sauka yana nan ɗanye a idonta.

Masu nazarin dabo sun daɗe da sanin wannan. Arturo de Ascanio, ɗan ƙasar Sifen, ya yi bayani mai yawa a kan sanya tazara tsakanin lokacin da aka yi aikin ɓoye da lokacin da aka nuna sakamako, ta yadda hankali zai kasa haɗa su wuri ɗaya, kuma Juan Tamariz, wanda ya koyi abubuwa da yawa a wurinsa, ya ƙara da cewa mai wasa ya kamata ya bi hanyoyin da ɗan kallo zai bi wajen neman mafita ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan a karance, amma sai yau na ga abin da rashinsa yake jawowa.

Ga abin da na tsara. Lokacin da za a kife ragowar, ba zan kalli hannun ɗan kallo ba, kuma ba zan ce "ɗora ragowar a kan katin" ba, domin wannan jimlar tana haska wurin. Zan ce "haɗa su ka daidaita" ina riga ina nuna kati na biyu da yatsa, hankali ya koma can. Bayan zagaye na biyu kuma kartar za ta zauna a teburi ba a taɓa ta ba, in yi tambayoyi uku da amsarsu duka gaskiya ce: wa ya cakuɗa, wa ya sauke, ko na taɓa kartar tun da na ajiye katunan nan biyu. Ba zan ce "inda ka tsaya shi ya zaɓi katin" ba, domin ƙarya ce, kuma mai kaifin hankali zai kama ta. Zan bar shi ya faɗa wa kansa. A wurin nunawa kuma zan ce "katin da yake fuskantarsa", domin fuska da fuska dalili ne da hankali ke karɓa ba tare da tambayar me ya sa ba na bayansa ba.

Malamar ta ce da an yi mata haka, mai yiwuwa da sai ta kwana kafin ta gano. Ban ɗauki wannan a matsayin tabbaci ba, amma ya nuna mini gyaran yana kan hanya.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Kawuna ya zo gidanmu ya tarar da ni ina bita, fuskarsa ta canja tun kafin ya zauna. Ya ce, "Kai ɗan nan, karta kuma? Ko caca ka fara, ko kuwa wannan siddabarun na 'yan tasha?" Tambayar ba ta rashin dalili ba ce. Duk wanda ya taso yana ganin 'yan wala-wala a bakin kasuwa suna raba mutane da kuɗinsu da kati uku yana da hujjar ƙin ganin karta a hannun ɗan gidansa, kuma a wurin mutane da yawa rufa-ido da sihiri sunan abu ɗaya ne.

Na ce, "Kawu, ku zauna in nuna muku, babu kuɗi a ciki, babu kuma wani asiri, lissafi ne da dabara." Na yi masa dabon, sannan na karya ƙa'idar da masu wasa suke riƙe da ita, na buɗe masa yadda yake aiki tun daga farko har ƙarshe. Ya sa na maimaita a buɗe sau biyu, ya gyaɗa kai ya ce to wannan kam wasan hankali ne, amma in riƙa faɗa wa mutane haka tun da farko kada wani ya tafi da zato a zuciyarsa.

Shawararsa ta sa na sauya gabatarwar. Da na so in gina labarin a kan Hassan da Husaini, in jingina da camfin da ake yi cewa tagwaye suna da wani abin da sauran mutane ba su da shi, har ana cewa suna iya hana tukunya tafasa. Labarin zai ja hankali, amma zai tura ɗan kallo zuwa inda ba na so ya je. Na bar sunayen kawai, domin "ga Hassan, bari mu nemo Husaini" yana sa kowa ya gane me ake nema ba tare da dogon bayani ba, na kuma cire duk wata magana mai nuni da ɓoyayyen ƙarfi. Jimlar buɗewata yanzu ita ce, wannan wasa ne na dabara da aka koya daga littafi, ku dai ku sa ido.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na keɓe wannan makon domin in auna Tagwaye da wasu dabo biyu da su ma ake kira masu sauƙi. Na farko shi ne tsohon dabon kati 21, wanda ake jera layi uku na bakwai-bakwai sau uku, katin da aka zaɓa ya faɗo a na 11. Ba ya kuskure, amma mai wasa yana sauke kati 63 kafin a ga komai, kuma tun a zagaye na biyu fuskar 'yan kallo take nuna sun gane cewa ƙirga ake yi. Ko da ba su san lissafin ba, sun san lissafi ne, mamakin ya mutu ke nan.

Na biyu shi ne Out of This World na Paul Curry, wanda ya fito a 1942, inda ɗan kallo yake raba jajaye 26 da baƙaƙe 26 ba tare da ya ga fuskokinsu ba. Ƙarfinsa ya fi na Tagwaye nesa ba kusa ba, ba na jayayya da wannan. Sai dai a siffarsa ta asali yana buƙatar a shirya kartar tun kafin a zo, yana da tsawo, akwai kuma wani wuri kusa da ƙarshe da dole mai wasa ya yi wani gyara a gaban mutane da natsuwar da sabon shiga bai cika samu ba. Tagwaye yana farawa ne daga kartar aro da ɗan kallo ya cakuɗa, yana ƙarewa cikin minti biyu zuwa uku, kuma da an mai da katuna biyun an shirya wa teburi na gaba. Ga mai zagaya tebura a wurin biki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na kuma gwada shi da katin Whot, tun da shi ne ya fi samuwa a gidaje. Tsarin yana aiki, amma ma'anar tana raguwa, domin lamba kamar 3 ko 7 tana fitowa a siffofi biyar, saboda haka haɗuwar lamba da lamba ba ta da wannan jin na cewa ɗan'uwa ɗaya ne tak a duk kartar. Ba zan sake yi da shi ba.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Wata matsalar da ban hango ba ta fito jiya. Wani maƙwabcina, mai son ya gwada ni, ya ƙi tsayawa a zagayen farko sai da ya sauke kusan kati 40. Ragowar da ya kife ba ta wuce goma ba, wanda ke nufin tagwayen farko suna nan kusa da sama. A zagaye na biyu ya sauke ya wuce su. Da na baje, Hassan na farko da Husaininsa suna tare, amma baya da baya maimakon fuska da fuska, domin saukewa ɗaya-ɗaya tana juya jerin. Na nuna na farkon daga hagu, na biyun daga dama, kuma wani yaro da ke tsaye ya tambaya me ya sa. Da maƙwabcin ya tsaya a daidai tsakaninsu, da sun rabu gaba ɗaya, babu yadda zan yi.

Ƙa'idar da na fitar ita ce, yawan abin da aka sauke a zagayen farko shi ke rage filin zagaye na biyu. Idan an sauke 15 daga cikin 50, saura 35 a sama, fili ya wadata. Idan an sauke 35, goma sha huɗu kaɗai za a iya saukewa lafiya. Ba na so in sa wa mutum iyaka da lamba, domin hakan yana warin lissafi. Abin da na gwada yau ga mutum biyu ya yi aiki: bayan kati bakwai ko takwas sai in ce, "duk inda ka ji ya yi maka, tsaya," in kuma yi shiru ina kallonsa, shirun da kansa yake sa mutum ya tsaya ba da jimawa ba. Idan duk da haka ya yi nisa, sai in ƙirga a zuciya, in ba wani mutum daban zagaye na biyu, in ce masa shi kuma ya gaggauta kada shayi ya huce.

Asabar, 2 ga Maris

Daren jiya na yi shi a walimar wani abokin aiki, a tebura huɗu, ga mutanen da yawancinsu ban sani ba. Wannan ne karon farko da na haɗa dukan gyare-gyaren wuri ɗaya. A tebura uku ya fita tsaf, kuma a ɗaya daga cikinsu wani dattijo ya riƙe jan sarkin da ya fito yana juya shi gaba da baya, yana faɗa wa na kusa da shi cewa shi fa da hannunsa ya tsaya, ba wanda ya tsayar da shi. Jimlar da na ƙi faɗa ke nan, ga shi ya faɗe ta da bakinsa. A teburi na huɗu hayaniya ta yi yawa, wadda ta sauke ba ta ji umarnina ba, ta ɗora abin da ta sauke a kan ragowar maimakon akasin haka, sai na karɓa na ce mu sake cakuɗawa, na fara daga farko. Ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin faɗuwa, domin ban riga na faɗi abin da zai faru ba, kuma wannan wata fa'ida ce ta rashin sanar da sakamako tun da wuri.

Hukuncina bayan mako takwas shi ne, Tagwaye ya cancanci shiga jakar mai wasa na kusa da kusa, ba na masu koyo kaɗai ba, da sharaɗin a ɗauke shi da muhimmancin da ake ba dabo mai wuyar hannu. Tsarinsa ana koyon sa cikin minti goma. Leƙen da ba ya nuna kansa, da jimlar da ke sa katin farko ya sauka shi kaɗai, da kawar da ido a lokacin haɗawa, da tazarar da ke gaban bajewa, da sarrafa tsawon zagayen farko, waɗannan sun ci mini makonni, kuma kartar tana hannun wani duk tsawon lokacin, ba ni da abin gyara kuskure sai murya. Ba zan yi shi sau biyu ga mutane ɗaya ba, ko sun roƙa, domin a karo na biyu ido yana zuwa ƙasan ragowar kai tsaye. Ba zan kuma yi shi a wuri mai hayaniya ba sai in ina kusa da kunnen mai saukewa.

Abu ɗaya ya rage ban warware ba. Har yanzu ni ne nake zaɓar katunan biyu bayan na duba fuskokin kartar, kuma mai tunani irin malamar nan zai iya farawa daga wannan wurin ko da ya manta da sauran. Ina so in gwada yin leƙen tun a ƙarshen wani dabon da ya gabata, in rubuta sunayen katunan a takarda in ajiye, ta yadda idan aka zo Tagwaye zai zama kamar tun kafin a taɓa kartar aka yanke shawara, amma hakan yana nufin dole in riƙe na sama da na ƙasa a wurinsu yayin cakuɗawa ta ƙarya, kuma ɗan kallo ba zai cakuɗa da kansa ba. Ko abin da za a samu ya kai abin da za a rasa, sai na gwada. Azumi ya kusa, zan ajiye kartar har bayan salla, sannan in fara da malamar lissafi idan ta yarda ta kawo wata abokiyar aikinta da ba ta taɓa gani ba.